Kafin ka shigo da sabon kayan zamani gidanka ko shagonka, ga yadda zaka auna shi

A bazarar da ta wuce wani dattijo ya zo shagona nan Jekadafari cikin garin Gombe, daga Kumo ya taso takanas, ko zama bai gama yi ba yace min "ɗana, sola nake so, irin ta maƙwabcina sak." Nace toh Baba sannu da hanya, me da me kake so ta riƙe maka a gidan? Sai yayi shiru. Kuɗin na cikin aljihu, ya sayar da buhunan masara ya haɗo su, amma bai taɓa zama ya tambayi kansa me yake so abun ya yi masa ba. Kuma wallahi ba shi kaɗai bane, da gyaran waya na fara kafin na koma haɗa sola, kullum irin wannan nake gani, mutum ya kwashi guminsa ya saka a abu don kawai yaga kowa na yi, bayan wata shida abun na jingine a bayan ɗaki kaji na kwana a kai. Shiyasa na zauna na rubuta yadda ni nake bi da masu zuwa wajena, ko sola ce ko waya ko POS ko injin ban ruwa, hanyar aunawar kusan ɗaya ce.

Fara da sanin me yasa abun ya zo ma tukunna

Duk wata fasaha da ta zauna da gindinta a garin nan wahala ce ta kira ta. Iyayenmu mata sun sha daka da niƙa a dutse tun asuba, da injin niƙa ya shigo unguwanni ba wanda yayi musu wa'azi, da kansu suka ɗau kwano suka bi layi. Kafin 2001 layukan tarho na NITEL a duk faɗin Najeriya basu kai 500,000 ba, in kana da ɗan'uwa a Legas sai dai ka rubuta wasiƙa ko ka ɗau muryarka a kaset ka ba direba. A watan Agusta 2001 Econet da MTN suka fara aiki, layi kaɗai naira 20,000 ko fiye, kira naira 50 duk minti ko da gaisuwa kawai kayi ka kashe, amma mutane suka saya don buƙatar ta kai. Da Glo ta shigo a 2003 da lissafin sakan sakan sai sauran dole suka bi, farashi ya fara sauka. Kaga abu na biyu kenan da ke tura fasaha, wato gasa da saukar farashi.

Ita sola ai ba jiya aka ƙirƙiro ta ba. Tun 1954 aka haɗa ƙwayar sola ta farko mai amfani a ɗakin binciken Bell a Amurka, kashi 6 cikin 100 na hasken rana kawai take iya mayarwa wuta, kuma tsadarta tasa sai a jikin tauraron ɗan'adam aka fi saka ta. Shekaru sama da hamsin talaka bai san da ita ba. Sai da masana'antun Sin suka shiga yinta da yawan gaske, tsakanin 2010 da 2020 farashin fanel, wato faifan da ke kama hasken rana, ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100, na yanzu kuma suna juya kashi 20 ko fiye na hasken. Duk da haka mu nan Gombe bamu ruga ba sai bayan 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, mai janareta ya duba aljihu yaga ba zai iya ba, masu noman rani a Dadin Kowa da ke zuba fetur a injin ban ruwa kullum suma suka fara tambayar fanel. Haka POS da taransifa, suna nan tun da can, amma sai da aka canza takardun 200 da 500 da 1,000 a ƙarshen 2022, farkon 2023 tsabar kuɗi ta ɓace, sannan mai shayi da mai kayan miya suka buɗe asusu dole, har 'yan kasuwar Tudun Hatsi da suka saba ƙirga kuɗi a buhu.

Amma akwai na uku wanda mutane basa so su kalla, shine ribar mai kawo abun. Jirgin ƙasa da ya iso Bauchi da Gombe a farkon shekarun 1960 auduga da gyaɗa aka fi so ya kwasa zuwa bakin teku, mutanenmu sun amfana sosai, gari ya buɗe, amma lissafin farko na masu kaya ne. Yau ma haka ne, wani abun wahalarka yazo ragewa, wani kuma aljihunka ko lokacinka yazo nema, da yawa kuma duka biyun suke yi a tare. Aikinka ka gane wanne ne a gabanka.

Faɗi wahalar da bakinka

Ka ɗau biro ka rubuta a jimla ɗaya wace wahala kake so abun ya ɗauke maka. In ka kasa rubutawa toh ka mayar da kuɗinka aljihu ka bari sai wani satin. Da na zauna da Baban nan muka yi hira sai ta fito fili, mai ɗakinsa bata da lafiya, zafin dare na hana ta barci, jikoki na karatun allo da na boko da tocila, kullum kuma sai an aika yaro kasuwa da wayoyi huɗu a biya kuɗin caji. Shikenan. Maƙwabcin nasa kuwa firiza yake kunnawa yana sayar da ƙanƙara da zoɓo, kayansa sun ninka abun da Baba ke buƙata sau uku ko huɗu. Da na biye masa da ya kashe kuɗin masararsa kaf akan abun da rabinsa ba zai taɓa amfani dashi ba.

Lissafin sola, a nan mutane suka fi faɗawa rami

Zan ɗan daɗe a nan don shine aikina. Kowane kayan wuta akwai wat ɗinsa, wato ma'aunin wutar da yake ci, a rubuce a jiki ko a kwali. Ka ninka wat ɗin da awannin da zaka kunna shi, sai ka haɗa duka. Misali fanka biyu masu wat 60 na awa 8, ya kama 960. Ƙwan fitila biyar masu wat 10 na awa 5, 250. Talabijin mai wat 50 na awa 4, 200. Wayoyi huɗu ka basu kamar 60. Jimla 1,470 kenan a yini. Yanzu batir, wanda ake cewa 200Ah mai folt 12 in ka ninka 200 da 12 zai baka 2,400 a takarda, amma batirin ruwa ko tubula rabi kawai ya kamata ka ja daga cikinsa, wato kamar 1,200, in kana tatse shi har ƙasa duk dare wallahi ba zai yi maka shekara cikin lafiya ba. Kaga kenan batir ɗaya bai isa lissafin can na sama ba, ko ka ƙara na biyu, ko kuma kayi abun da nafi ba mutane shawara, ka canza fankar zuwa 'yar DC, wato mai aiki da wutar batir kai tsaye, mai cin wat 20 zuwa 30, nan take lissafin ya sauko da kusan kashi ɗaya cikin uku ko fiye. Rage abun da kake ci yafi araha akan ƙara batir, a duk gidan da na taɓa aiki haka na gani. Batirin litiyom ana iya jan kashi 80 ko fiye daga cikinsa kuma yafi daɗewa, in da hali shi ne, sai dai a kula don akwai masu haɗa tsofaffin ƙwayoyi a sabon akwati su sayar a matsayin sabo.

Fanel kuma ka ɗauka rana mai ƙarfi awa 5 muke samu a yini, ka ƙara wani abu saboda asarar da ake yi a kebul da inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta NEPA, lissafin 1,470 ɗin nan zai so fanel na wat 400 ko sama kaɗan. A kafa shi yana kallon kudu, a ɗan karkace kamar digiri 10 zuwa 15 don ruwan sama ya riƙa wanke shi, kar inuwar darbejiya ko tankin ruwa ta faɗa ko da kan gefe ɗaya ne don tana rage ƙarfin fanel ɗin gaba ɗaya. Dutsen guga da hita da risho na lantarki kuwa ka manta dasu, guga ɗaya wat 1,000 ne ko fiye. Kuma dan Allah kar a yi rowar kebul, siririyar waya zafi take yi, gobara da yawa daga nan take tashi. Araha bata ado.

Waye zai gyara in ya lalace

Ka tambayi mai sayarwa gaba da gaba, in ya samu matsala ina zan kai, akwai kayan gyaransa a Gombe ko sai an aika Kano ko Legas, garanti na wata nawa kuma a rubuce a rasit. In ya fara kame kame ka tashi. Na sha ganin inbata mai kyau a ido an jibge ta saboda wani ɗan ƙaramin abu da ba'a samu a kasuwa.

Abun da zai riƙa ci bayan ka saya

Kuɗin saye shine ƙarami wani lokacin. Babbar waya tana cin data, tana cin caji, gilashi ya fashe a canza, amma abun da tafi ci lokaci ne da barci, kuma wannan ba'a ganinsa a rasit. Facebook da TikTok da YouTube basa karɓar kuɗin shiga a hannunka saboda talla suke sayarwa, iya daɗewarka a ciki iya ribarsu, don haka da gangan aka gina su yadda bidiyo ɗaya na ƙarewa wani zai hau ba tare da ka taɓa komai ba. Ni bana cewa a jefar da waya, da ita nake samun kwastoma, da ita mata da yawa a Pantami da Bolari ke sayar da turaren wuta da atamfa daga cikin ɗaki suna rufa ma kansu asiri, ɗalibai na karatu da ita, ana sauraron tafsiri. Abun da nake cewa ka riƙe linzamin da hannunka.

Ka shiga saitin ka kashe sanarwar duk wata manhaja in banda kira da saƙon banki. Ka kashe saukar da hoto da bidiyo kai tsaye a WhatsApp, zaka sha mamakin yadda data zata ƙara kwana. Yawancin wayoyin Android akwai wajen da ke nuna awa nawa ka yi a kowace manhaja a yini, ka duba na sati ɗaya kawai, mutane da yawa da na nuna ma sai da suka riƙe baki. Da dare ka sa ta caji nesa da shimfiɗa, in don asuba ne ƙararrawa zata tashe ka daga can ma, kuma dole ka miƙe ka je ka kashe. Lokacin cin abinci da lokacin da kake gaban iyaye a ajiye ta, abun na min ciwo in naga yaro mahaifinsa na masa magana shi kuma kansa na ƙasa yana latse latse, ko majalisa guda mutum bakwai kowa shiru ba mai ce ma wani ya gida.

Yara ƙanana kuwa, hukumar lafiya ta duniya ta fitar da shawara a 2019 cewa jaririn da bai kai shekara ba kar a bashi allon waya ko talabijin sam, 'yan shekara 2 zuwa 4 kuma kar ya wuce awa ɗaya a yini, ƙasa da haka yafi. Nasan uwa tana aiki yaro na kuka abu mafi sauƙi a miƙa masa waya, ban raina wahalarta ba ko kaɗan, amma magana da wasa da mutane shine ke buɗe bakin yaro, in akwai yayye ko kaka a gida a miƙa musu shi.

In kuɗinka ya koma cikin waya

Wannan ya taimaka ba kaɗan ba, ɗan kasuwa ya daina ɗaukar jakar kuɗi a hanyar Dukku ko Biu yana addu'a har ya isa. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Lambar sirrinka da lambar nan da ake turowa ta saƙo lokacin cire kuɗi, ba ma'aikacin banki na gaskiya da zai kira ka ya tambaye su, duk wanda ya kira yace daga banki yake za'a rufe maka asusu in baka karanto ba, kashe wayar kawai, in hankalinka bai kwanta ba ka taka zuwa reshe da ƙafarka. BVN da aka fara a 2014 da NIN ɗinka kar ka tura ma kowa don an ce za'a baka tallafi. Ka sa ma layinka kansa lambar kulle, don ɓarawon waya yanzu sim ɗin yake nema fiye da wayar, zai cire ya saka a wata ya shiga asusunka. Ka tambayi bankinka lambar da ake dannawa a toshe asusu daga kowace waya, ka rubuta ta a takarda ka ajiye a gida tun kafin ranar ta zo. WhatsApp ma akwai kulle na biyu mai lamba shida a cikin saitin, minti biyu zai ɗauke ka, shine ke hana a ƙwace maka a riƙa roƙon 'yan'uwanka kuɗi da sunanka.

Masu shago, saƙon alat ba shaida bane, ana ƙirƙirarsa. Ka buɗe manhajar ka ga kuɗin sun hau balas kafin kaya su bar gabanka, ko da mai sayen ya sha babbar riga yana ta sauri. Hajiya ɗaya mai sayar da kayan ɗaki a unguwarmu haka aka yi mata, tazo tana nuna min saƙon tana cewa "ƙanena duba min, ai gashi ya shigo," na duba asusun babu ko sisi, ranar har gida abun ya bini.

Manhajojin bashi na minti biyar ka guje su iya iyawarka, ruwan da suke ɗorawa yayi yawa, ga shi kana basu izinin shiga lambobin wayarka, ranar da ka makara surukanka ma sai sun samu saƙo. Masu cewa kawo dubu goma ka karɓi ashirin kuwa mun ga MMM da ta tsaya cak a Disamba 2016, mun ga CBEX a Afrilu 2025, suna kawai ake canzawa da kalar manhaja. Duk kasuwancin da baka iya bayyana ma mahaifiyarka me ake saya me ake sayarwa a cikinsa, kar ka saka ko naira.

Kafin ka tura labari gaba, ka tuna watan Agusta 2014 lokacin Ebola da saƙo ya zagaya cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a sha, mutane suka tashi 'yan'uwansu da kira tsakar dare, wasu suka kwanta asibiti har aka rasa rai. Duk wanda ya tura da niyyar alheri ya tura. Yanzu abun yafi haka haɗari don ana iya haɗa murya da bidiyon malami ko shugaba yana faɗin abun da bai taɓa faɗa ba. In labari ya tayar maka da hankali sosai toh a nan ne ya kamata ka dakata, ka duba ko wata kafar labarai da ka sani ta kawo shi, in babu ka barshi ya mutu a wayarka.

Ka duba wanda abun zai taɓa bayan kai

Janareta tana fitar da iskar guba da bata da wari bata da kala, iyalai guda sun kwanta basu tashi ba saboda an shigar da ita soro ko baranda an rufe ƙofa don tsoron ɓarayi. A waje take zama, nesa da taga, taka da ta maƙwabci. Tsohon batir akwai dalma da asid a ciki, kar a barshi inda yara ke wasa ko a fasa shi a tsakar gida, a mayar ma masu saye su bada canji. Batirin tubula kuma yana so iska na ratsa inda yake, ba ƙarƙashin gado ba.

Sai maganar sana'a. Ka tuna masu lema da tebur da ake biya a yi kira a bakin titi, da masu shagon kaset, da masu hoto na situdiyo da ake layi ranar sallah, wayar hannu ta shanye kasuwarsu cikin 'yan shekaru. Waɗanda na sani da suka tsira sune waɗanda suka motsa da wuri, mai lema ya koma sayar da kati daga baya ya ɗau POS, mai hoto ya koyi ɗaukar bidiyon biki da gyara shi a kwamfuta. In kana da sana'a ka riƙa tambayar kanka wane ɓangare na aikina inji ko manhaja zata iya yi nan gaba, sai ka fara koyon ɓangaren da ke buƙatar hannu da amana tun kasuwa bata juya maka baya ba. Masu gyaran janareta musamman, ku zo ku koyi sola, kun riga kun san wuta, wata uku zuwa shida a hannun wanda ya iya ya isa ku fara, kuma aikin na nan har ƙauyuka.

Shi Baban Kumo daga ƙarshe fanel ɗaya na wat 300 muka saka masa da batir ɗaya, fankar DC biyu, ƙwai huɗu da wajen cajin waya, ragowar kuɗin yace zai sayi taki. Na nuna ma babban jikansa yadda zai riƙa hawa da sassafe kafin fanel yayi zafi ya goge shi da tsumma mai laushi da ruwa, sati sati a lokacin hunturu don hazo na rufe shi ya rage caji, da yadda zai duba ruwan batir duk wata ya ƙara masa ruwan batir na kwalba banda na rijiya ko na famfo. Na kuma rubuta masa a jikin bango kusa da kantarola, wato na'urar da ke daidaita cajin batir, lambar da in ya gani da dare zai kashe fanka ɗaya, folt 12.1.